Mai Lissafin Gishiri

A bayan cocin garinmu, inda ciyawa ke fin ƙarfin lauje,
akwai wani dutse da ya karkata kamar haƙorin tsoho.
Na daɗe ina share masa ganye
kafin in kankare gansakuka in ga sunan:
Jabez Kittering.
Sauran rubutun, ruwan sama ya lashe.

'Yan makaranta kan zo a doguwar mota mai ruwan ɗorawa,
su wuce shi a guje,
su nufi gunkin janar mai nuna teku da takobi.
Ban ga laifinsu ba.
Wa ke tuna murhu in tuwo ya zo gabansa?

Tsofaffinmu sun ce, ranar da aka zana manyan ƙasa,
kowa ya gyara farin gashin aro, ya miƙe wuya,
shi yana can tashar jiragen ruwa
yana ja-in-ja kan buhun gishiri arba'in
da wani ɗan kasuwa mai kunnen ƙashi.
Kujerarsa ce kawai ta fito a gefen zanen.
Har kare ya samu shiga.

Ba shi da baki.
In ya miƙe a majalisa, sai a fara laluben hula.
Amma duk aikin da kowa ya guda
a kansa ake jibgewa:
takalmi nawa, bargo nawa,
ganga nawa ta nama za ta kai dakaru ƙarshen sanyi.
Wasu na furta 'yanci, zaure na amsawa da tafi,
shi kuwa ya san 'yanci ba ya taka ƙanƙara da ƙafa tsirara.

Ya jinginar da gonar tuffa,
ya jinginar da injin niƙa na bakin rafi.
Jaririyar ƙasa ta ba shi takarda mai hatimi,
ta ce sai gobe.
Goben nan ya jira har idonsa ya dushe.
Ya cika a ɗakin haya, saman shagon maƙeri.
Mutum shida suka raka gawa,
biyu daga ciki bashi suka biyo.

Da a nan labarin ya tsaya
da tsintsiyata ba ta yi mini nauyi ba.

Littafin lissafinsa na ɗakin karatu, cikin akwatin gilashi.
Wata Talata na roƙi Misis Aldercott ta buɗe mini,
ta sa farar safar hannu, tana juya shafi a hankali.
Rubutu siriri, tsaf, babu gogewa ko ɗaya.
Gishiri. Fata. Kyandir.
Sai layi na huɗu:
Sabra, mai wanki, da ɗanta. An sayar.
A gefe, kuɗin, da inda suka tafi:
takalman soja, ƙafa sittin.

Sabra kakar kakar kakata ce.
Ba ta da dutse, ko karkatacce.

To, Jabez, me zan ce da kai?
Ƙasar da nake jefa ƙuri'a a cikinta
da takalmanka ta koyi tafiya,
ni kuma na san abin da aka biya.
In tashi yabo, harshe ya sarƙe.
In tashi tsinuwa, in tuna ƙafafu sittin a cikin dusar ƙanƙara.
Kai da ba ka taɓa kuskuren lissafi ba,
wannan ka bar mana shi a buɗe.

Bara, da kaka ta zubar da jan ganye,
na ɗauko dutse daga rafin da ta yi wanki,
na karce sunanta da ƙusa,
na ajiye dab da naka.
Ku zauna tare. Ku kuka san abin da ke tsakaninku.

Jiya wata yarinya ta ɓalle daga layi,
igiyar takalminta a kwance,
ta tsuguna, ta ce, baba, su wane ne waɗannan?
Na jingine tsintsiya,
na ce, zauna, zancen da tsawo.
Can bakin titi direba na ta danna oda.
Ba ta waiga ba.